Kafin A Yanka Fijon Ƙarshe

'Yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga kuka kama aikin Gwamnati, muna roƙon ku ba mu aron hankalinku a kan wata magana wadda mai karatu zai iya ɗauka ta wasa ce, alhali kuwa akwai rai a cikinta, akwai dukiya, akwai kuma wani ilmi da ke shirin bin masu shi kushewa. Maganar tsofaffin motoci ce.

Abin da ya ta da ita abu biyu ne da muka gani da idonmu cikin mako guda. Na farko, muna dawowa daga Katsina, mun wuce Kurfi kaɗan, sai muka cim ma wata babbar mota ta 'yan gwangwan ta yi lodi har ya yi tozo. A can bisa lodin ga rabin wata Peugeot 504, wadda kowa ya sani da Fijo, an tsaga ta da wutar walda kamar yadda mahauci ke raba sa, fitilunta na gaba ko fashewa ba su yi ba. Direbanmu dattijo ne. Ya dube ta, ya kaɗa kai, ya ce da irinta ya koyi tuƙi, da irinta kuma ya aurar da 'ya'yansa uku. Na biyu, ran Asabar da la'asar, a nan cikin garin Dutsin-Ma, an ɗaura wani aure, sai abokan ango suka fito da wata tsohuwar mota da aka yanke wa salansa, suna ta juyi da ita a tsakiyar titi, taya na hayaƙi, yara sun kewaye su suna sowa. Ba wanda ya ji ciwo ran nan. Amma duk wanda ya ga ɗan tazarar da ya rage tsakanin bayan motar nan da wata yarinya mai tallar gyaɗa, ya san Allah ne kaɗai ya kiyaye.

Ga alama abin da ya rage wa tsohuwar mota a ƙasarmu ke nan: ko dai a ɗora ta bisa sikeli a sayar da ita kilo-kilo, ko kuwa a mai da ita abin firgita bayin Allah. Mu kam muna ganin akwai hanya ta uku, watau a gyara ta gyara na ilmi, a ƙara mata abin da zamani ya zo da shi, ta koma bisa titi da mutuncinta. Muna kuma ganin ɗalibai da matasan ma'aikata su ne ya kamata su shige gaba.

Bari mu fara daga inda samarinmu suka samo sha'awar. Duk mai waya a hannu ya sha ganin hotunan waɗansu motocin Amurka masu dogon hanci da faɗin ƙirji, masu ruri kamar hadarin Agusta. Su Amurkawa suna yi musu laƙabi da motoci masu ƙwanji. Asalinsu ba wani asiri ba ne. A 1964 kamfanin Pontiac ya ɗauki ƙaton inji mai silinda 8, mai girman lita 6.4, ya dasa shi cikin wata matsakaiciyar mota, ya sa mata suna GTO, ƙarfinta ya kai na doki 325. Samari suka yi rububinta. Cikin shekarun nan kamfanonin birnin Detroit suka yi ta gasa da juna, Ford da Mustang ɗinsa, Chevrolet da Camaro da Chevelle, Dodge da Charger, har aka kai ga inji mai girman lita 7. Amma zamanin bai wuce shekara goma ba. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta matsa wa kamfanonin, kuɗin inshora ya hau, sa'an nan takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka sa a 1973 ya zo ya ƙarasa abin da ya saura.

Yau waɗannan motoci sun haura shekara hamsin, amma ba su ɓace ba, domin an sami mutanen da suka mai da farfaɗo da su sana'a. To, ga abin da hoton waya ba ya nuna wa samarinmu. Mai wannan aiki na ƙwarai ba da inji yake farawa ba. Yakan tuɓe motar ƙaf har sai ƙarfe ya fito fili, ya yanke inda tsatsa ta ci, ya yi ƙari da sabon ƙarfe. Ya cire tsohon birkin ganga ya sa na faifai. Ya sabunta ƙafa da sitiyari, ya sake wayoyin wuta tun daga batir har fitilar baya, ya sa lagireto mai ƙarfi, ya ɗaura bel a kujeru. Sau da yawa yakan cire kafireto ya sa na'urar fesa mai ta zamani, domin mota ta rage sha, ta kuma tashi da bugu ɗaya. Sai bayan duk wannan ake maganar ƙarin ƙarfi. Hoton rabin minti yana nuna hayaƙin taya, ba ya nuna watannin da mutum ya yi kwance ƙarƙashin mota. Mun kwaikwayi hayaƙin, mun bar kwanciyar.

Ba mu da Charger a Kurfi, ba mu da Mustang a Dutsin-Ma, kuma ba mu bukatarsu. Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin lita ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, ya kuma ci gaba da hawa bayan nan, wane ɗan makaranta ko ƙaramin ma'aikaci ne zai ciyar da inji mai lita 7? Amma muna da tamu motar tarihi, wadda ba ta gaza tasu asali ba.

An fito da Peugeot 504 a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. Injinta na kafireto mai silinda 4 ne, wanda aka fi sani mai lita 2, ƙarfinsa bai ma kai na doki 100 ba. Ba gudu ne ya ɗaukaka ta ba, juriya ce. Tayoyin baya ke tura ta, cikinta ya ɗaga daga ƙasa, ƙafarta tana haɗiye gargada kamar raƙumi cikin rairayi. A 1975 wani ɗan ƙasar Sweden, Ove Andersson, ya ci gasar Safari ta Kenya da ita, gasar da ake lissafawa cikin mafi wuya a duniya. A 1978 kuma Bafaranshe Jean-Pierre Nicolas ya sake ci da wata ƙirarta mai silinda 6. Kafin ita ma yayarta 404 ta ci wannan gasa sau huɗu cikin shekarun 1960. A wannan shekara ta 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna. Zamanin mulkin Janar Obasanjo na soja, da aka ce manyan Gwamnati su rage ƙawa, 504 ta zama motar ofis tun daga sama har ƙasa. Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita sama da shekara ashirin bayan haka.

Ba sai mun gaya wa mutumin Katsina ko mece ce Fijo ba. Salun ita ce ta Sakatare da Alƙali da Hedimasta. Wagon ita ce ta tasha, mai jigilar Katsina zuwa Kaduna, Funtuwa zuwa Kano. A-kori-kura kuwa ita ce jakar manoma, mai kwaso gero da dawa da auduga daga ƙauye zuwa kasuwa. Da yawa cikin iyayenmu a cikinta aka kai su asibiti haihuwarmu, a cikinta kuma aka kai kakanninmu makwanci. Zamanin nan Nijeriya tana da masana'antun harhaɗa motoci har shida: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Ikko, Leyland a Badun, Steyr a Bauci, Mercedes a Inugu, Fiat a Kano. Wanda ya gama jami'a ya kama aiki yakan sami bashin mota ya sayi sabuwa fil a leda, balle bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975.

Sai kiɗa ya sake. Kuɗin mai ya faɗi a kasuwar duniya, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Masana'antun nan suka yi ta durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, ƙasa ta cika da gwanjon motocin Turai da ake shigowa da su ta Kwatano. Yau mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka sa wa hannu a 2024, naira 70,000 ne. Saboda haka kada wani matashin ma'aikaci ya ce wannan magana ba ta shafe shi ba don shi ba ya sha'awar Fijo. Motarka ta fari, in Allah ya ba ka, tsohuwa ce. Wani Bature ne ya more ƙuruciyarta shekara goma sha biyar ko ashirin, kai kuma ka gaji tsufanta. Ashe tambayar ba ita ce ko za mu hau tsohuwar mota ba. Tambayar ita ce, wace irin tsohuwa: wadda aka gyara da ilmi, ko wadda aka lulluɓe da fenti?

Domin neman amsa muka je wani gareji a bakin gari, wurin wani dattijon makanike da ya fi shekara arba'in yana aikin Fijo. Muka gaishe shi, muka ce, “Baba, in mutum ya sami tsohuwar 504 yana so ta riƙa gudu sosai, me zai fara yi mata?” Ya ajiye sifanar da ke hannunsa, ya dube mu, ya ce, “Samari, ku 'yan makaranta ne, amma tambayarku ta ƙarshe kuka fara yi. Kafin ka koya wa doki sukuwa, ai sai ka tabbata linzami na kama shi.”

Sa'an nan ya jera mana aikin daki-daki, muka rubuta. Farko ƙashin mota: a ɗaga ta a duba ƙasanta, musamman inda ƙafa ke kamawa da ƙarƙashin ƙafar direba, domin in tsatsa ta ci nan, duk abin da aka ɗora bisa banza ne. Na biyu birki: a sake robobin da man birki ke bi, domin roba tana tsufa ko ba a hawa motar, a zubar da tsohon man a sa sabo, domin yana shan raɓa, in ya yi zafi kuwa sai ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa. Na uku taya. Na huɗu ƙafa da sitiyari. Na biyar wayoyin wuta da fitilu, gama yawancin gobarar tsohuwar mota daga wayar da aka ƙulla da leda take tashi. Na shida lagireto da fanka, saboda zafin bazararmu ba irin na Faransa ba ne. Na bakwai inji. Fenti shi ne na takwas. Ya ce yawancin masu kawo masa aiki daga na takwas suke so a fara, a komo na bakwai, a tsaya nan.

Jama'a, ku duba ku gani. Jerin da wannan dattijo ya ba mu, wanda bai taɓa fita Nijeriya ba, kusan shi ne jerin da ƙwararrun Amurka ke bi. Bambancin kawai shi ne, su sun rubuta nasu cikin littattafai, namu kuwa yana cikin kan mutum ɗaya mai furfura. Mun ga ya ɗora bakin sukudireba bisa inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya faɗi abin da ke ciwo kafin a kwance ko noti ɗaya. Muka tambaye shi yaransa nawa suka iya haka. Ya ce waɗanda suka iya sun tsufa, na yanzu kuwa kafin su shekara biyu sun tafi haya da babur, domin can ake samun na cefane a yini. Ran da aka yanka Fijon ƙarshe, ba ƙarfe kaɗai za a ɗora bisa sikeli ba.

A kan taya akwai abin da ya kamata kowane mai mota ya sani, ko tasa ba Fijo ba ce. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen wani layin rubutu: biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 1214, an yi ta a mako na 12 na 2014. Taya tana iya zama da zanenta raɗau amma robar ta bushe, ga shi kuwa da yawa cikin na gwanjo don ƙanƙarar Turai aka yi su, ba don kwaltar Afrilu ba. Duba wannan lamba ba ya cin ko kwabo.

Yanzu sai mu komo kan masu wasa da mota. Ba mu ƙi samartaka ba, mu ma samari ne, mun san daɗin jin inji ya amsa. Amma lissafi ba ya sanin ango. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 cikin daƙiƙa ɗaya, watau kafin direba ya ɗauke ƙafa daga totur ya kai ta birki ya riga ya wuce tsawon gida guda. In kuma ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin ya tsai da kai ba sau biyu yake ninkuwa ba, sau huɗu ne. Wannan kowane ɗan aji huɗu na sakandare ya karanta shi. To, wanda ya dasa wa tsohuwar mota injin da ya fi nata ƙarfi da nauyi, ya bar mata birkinta na da da tayoyin gwanjo, bai ƙara mata kome ba sai saurin isa inda ba ta iya tsayawa. Titin gari kuwa ba nasa ba ne shi kaɗai. Na mai tallar gyaɗa ne, da almajiri, da tsohuwa mai sanda, da ɗalibar da ta fito daga lacca. Wanda ya kashe rai cikin wasa ba zai ce tsautsayi ba ne, gama shi ya gayyato shi.

Mun san akwai masu ja da mu, kuma maganarsu tana da nauyi, ba za mu yi kamar ba mu ji ba. Na farko za su ce tsohuwar mota mashayiya ce. Gaskiya ne, injin kafireto ya fi na zamani shan mai, ko da an saita shi daidai. Amma yawancin shan da muke gani na rashin gyara ne: filogi ya mutu, matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, wuta ba ta zuwa kan lokaci. Ban da haka, irin wannan inji mai sauƙin sha'ani yana karɓar juyi zuwa iskar gas, abin da Gwamnatin Tarayya ta sa gaba tun 2023, muddin an yi aikin a wurin da aka amince da shi, da tukunya ta ainihi, ba wadda aka yi wa walda a bakin titi ba, muddin kuma akwai inda za a sha gas ɗin kusa.

Na biyu za su ce ba ta da kariyar motar zamani, ba jakar iska, ba birkin da ke hana taya kullewa. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne babban dalilinmu na cewa gyaran da muke kira a yi na lafiya ne da juriya, ba na tsere ba. Bel ɗin kujera mai kama kafaɗa da ƙugu, wanda injiniya Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da shi a 1959, ba ya fi ƙarfin kowa. Mu kuma da ke bin hanyoyin Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Ƙanƙara, mun san abin da rashin tsaro ya mai da su cikin 'yan shekarun nan. A irin waɗannan hanyoyi, motar kirki ita ce wadda ba ta mutuwa da kai bayan magariba, ba wadda ta fi kowa ƙara ba.

Na uku za su ce wannan begen jiya ne kawai, duniya ta tafi ga motar kwamfuta da ta lantarki, mu muna nan muna shafa gawa. A nan ne muka rabu da su. Ba mu ce kowa ya koma hawan 504 ba. Cewa muka yi 504 makaranta ce. Mota ce da za ka buɗe ka ga kome da idonka: inda mai ke shiga, inda wuta ke tashi, yadda fistin ke hawa da sauka, yadda ƙarfi ke bi ta giya ya isa tayar baya. Wanda bai fahimci wannan ba, ko an ba shi na'urar gwajin motar zamani, lambobi kawai zai karanta, ya yi ta sake kaya har aljihun mai mota ya ƙare. Ƙasar da ba ta iya gyara abin da ke hannunta ba kuwa, ba ranar da za ta ƙera nata. Mu mutanen Dutsin-Ma ba sai an ba mu labari ba. Madatsar ruwa ta Zobe tana nan kusa da mu, an gama ta tun 1983, amma shekaru nawa aka yi ruwa na kwance jama'a na kallo? Cutarmu ba rashin samu ba ce, rashin riƙo ne.

Ku dubi mutanen Kuba. Bayan juyin mulkinsu na 1959 Amurka ta rufe musu ƙofar ciniki, ba sabuwar motar Amurka, ba kayan gyaranta. Ba su yanka nasu ba. Suka riƙa ƙera abin da ya lalace da hannu, suna dasa injin dizal na waɗansu motoci cikin Chevrolet da Ford na shekarun 1950, suka mai da su motocin haya a birnin Havana, har suka zama abin da baƙi ke biyan kuɗi su hau. Mu ma ba hannu muka rasa ba. Wanda ya shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san akwai maƙera da masu walda da masu juya ƙarfe da za su fitar maka da abin da kamfani ya daina yi. Abin da ya ɓace shi ne gada tsakanin mai takarda da mai sifana. Ɗan boko yana ƙyamar baƙin mai, makanike yana jin kunyar alƙalami, kowa ya riƙe rabin ilmi yana raina mai ɗaya rabin.

Saboda haka ga shawarwarinmu, kuma ba mu kawo wadda ta fi ƙarfinmu ba.

Ta farko ga Ƙungiyar Ɗalibai. A kafa ƙungiyar masu sha'awar aikin mota, maza da mata, daga kowane sashe. A yi karo-karo a sayi matacciyar 504 guda ɗaya kafin 'yan gwangwan su riga mu. A ɗauki shekarar karatu guda ana farfaɗo da ita bisa jerin nan na takwas, ƙarƙashin dattawan gareji, a biya su haƙƙinsu, a kuma kira su da sunan da ya dace da su, watau malamai. Masu karatun kimiyya su yi awo da lissafi, masu karatun kuɗi su riƙe littafin kashewa, masu karatun Hausa su rubuta kowane mataki da sunan kowane ƙarfe yadda makanikai ke faɗinsa. A ƙarshe mu sami mota, mu kuma sami littafin gyaran mota da harshenmu.

Ta biyu ga hukumomin makarantunmu. Garin nan yana da Jami'ar Tarayya tun 2011, yana kuma da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita. Bai kamata a ce gari mai manyan makarantu biyu ba shi da wata hulɗa da garejin da ke bayan katangarsu ba, sai in motar malami ta lalace. A ba da rumfa, a ba da izini, a kuma buɗe ajin yamma inda yaran gareji za su koyi karatun zanen wayoyi da na'urar gwaji, su kuma su koya mana riƙon sifana.

Ta uku ga ma'aikatun Gwamnati. Kusan kowace sakatariya tana da makabartar motoci a bayanta, ciyawa ta fito ta cikin tagoginsu. Kafin a yi gwanjonsu ga masu sikeli, a bi ƙa'ida a ware ɗaya ko biyu a ba makarantun koyon sana'a. Ku matasan ma'aikata, ku ne ke rubuta takardun nan, ku ne za ku iya sa wannan layi a ciki.

Ta huɗu ga Ƙananan Hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi, da iyayenmu hakimai, da 'yan sanda, da Hukumar Kiyaye Haɗurra wadda aka kafa tun 1988 domin irin wannan. A hana wasa da mota cikin gari hani na gaske, wanda ba ya duban ɗan wane ne. Amma hani kaɗai ba ya kashe sha'awa, sai dai ya kai ta lungu. Katsina ta daɗe da sanin maganin wannan. Tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko aka shigo da wasan folo, Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a kansa har ƙasashen waje. Sukuwa ce mai haɗari, amma an yi mata fili, an yi mata doka, an yi mata alƙali, ba a yin ta a tsakiyar kasuwa. To, a yi wa mota haka. A ware fili nesa da gidaje, sau ɗaya ko biyu a shekara, a duba birki da taya da lasin kafin kowa ya shiga, a sa hular kwano, a kafa shinge tsakanin mota da 'yan kallo, motar asibiti na tsaye. A kuma ba da kyauta mafi girma ga motar da ta fi kyan gyara, ba wadda ta fi hayaƙi ba.

Ta ƙarshe ga kowane ɗayanmu. Ran da ka karɓi makullin motarka ta fari, abokai za su ce ka sa mata ƙafafun ado da manyan lasifikoki da baƙin gilashi. Kai dai ka tuna da jerin Baba. Kuɗin farko na birki ne, na biyu na taya. In wani abu ya ragu, sai ka yi kwalliya.

Direban nan da ya kawo mu daga Katsina, da muka sauka a tasha, ya ce mana har yanzu akwai wata wagon a gidan wani amininsa, ta shekara shida bisa duwatsu, kaji na ƙwai a cikinta, 'yan gwangwan sun zo tayi sau biyu mai ita ya hana. Ya ce amma bana mutumin yana da auren 'ya, bai san ko zai iya hanawa karo na uku ba. Mun karɓi kwatancen gidan. Ko za mu riga masu sikeli isa, wannan ya rage ga taron Ƙungiya mai zuwa, da kuma abin da kowannenmu zai iya cirewa daga aljihunsa.

Allah ya kiyaye mu da sharrin ƙarfe, ya jiƙan waɗanda hanya ta ci, ya kuma ba mu ikon riƙe abin da muka gada. Amin.